Kwana Goma Sha Uku da Minti Goma Sha Biyu

Daga Yaya zuwa ga Ɗan Tebur

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ina da lambarka. Tun da idon Inna ya fara tafiya, kunnenta ya buɗe. Ko a ƙofar gida na tsaya ina raɗa a waya, in na shigo sai ta tambaye ni wa ya ɓata wa wa rai. Takarda ce kaɗai ba ta iya ji.

Mun koma asibiti ranar Litinin. Na hagu ka san ya riga ya tafi. Na dama kuwa likita ya ce maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi, ba tsayar da shi ba. Na tambaye shi saura wata nawa, ya ce in daina ƙirgawa da wata.

Abu ɗaya take roƙo. Tana son ta ga hoton da Baba ya ɗauke ta ranar da ya buɗe shagonsa na hoto, tana riƙe da 'Yar Fari, yayarmu da ta rasu kafin a haifi ko ɗayanmu. Shi kaɗai ne hoton yarinyar a duniya. Na takarda ruwa ya cinye shi shekarar da rufin shago ya zuba, amma Baba ya ce mata kada ta damu, ya riga ya sa shi a kwamfuta tare da sauran.

Tun rasuwar Baba kwamfutar tana wurin ƙaninmu Auta. Na kira shi daga wurin aiki. Ya ce ya kunna ta kuma tana yi, sai dai tana wata ƙara ƙyas-ƙyas daga ciki. Hotuna kusan dubu arba'in ne, Baba bai sa wa ko ɗaya suna ba sai lamba, littafin da ya rubuta lambobin kuma ruwan nan ya haɗa da shi. Auta ya ce zai ɗora su duka a intanet sannan ya zauna ya duba. Jiya ya fara.

Na san shekara biyu ke nan ba kwa magana. Ban ce ku yi ba. Amma wannan sana'arka ce. Gaya mini, daidai yake yi?

Ka gai da mai ɗakinka da yara.
Yayarku.

Daga Ɗan Tebur zuwa ga Yaya

Wa alaikumus salam, Yaya babba, uwar marayu. Gaisuwa da ban girma. Kasuwa da godiya, ana ta fama da masu zuwa su taya kaya su tafi su bar mutum da yawu a baki.

Takardarki ta iso ni kafin wani hoto da abokin ciniki ya ce ya turo mini ta waya tun shekaranjiya. Ki riƙe wannan, don shi ne amsar tambayarki gaba ɗaya: a ƙasar nan direba ya fi netwok gudu, ga shi kuma yana gaishe da mutane.

A'a, ba daidai yake yi ba. Ki kira shi yanzu, kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki ce ya zare wutar kwamfutar nan.

Ƙarar da ya ji ba ta ado ba ce. A cikin kwamfutar akwai faifan ajiya, a cikin faifan akwai wani ɗan hannu siriri da ke yawo yana karanta abin da aka ajiye. In ya fara ƙyas-ƙyas, to hannun ne ke lalube yana kuskure. Irin wannan faifai ba a tambayar ko zai mutu, sai dai saura awa nawa. Duk mintin da yake juyawa daga cikin sauran kwanansa ake cira. Na binne irinsa sun fi ɗari a ƙarƙashin teburin nan.

To ga abin da ɗan bokonku ya yi. Na san unguwar da yake. Netwok ɗinsu in ya yi wanka ya ci ado, kilo talatin yake turawa a sakan. Kin tuna filofi, ɗan baƙin murabba'in nan da Baba ke sakawa a aljihun gaba, wanda muka daina sayarwa tun kafin in yi aure? Shi da netwok ɗin Auta kunnen doki suke, in ma filofin bai ba shi rata ba. Hotunan Baba za su kai giga talatin. Da wannan gudun, ko ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya, kwana goma sha biyu ne cur. Ke kuma kin san wuta. Ki ce wata guda da ɗoriya. Wato mutum ya samu randa mai tsaguwa tana yoyo, ya ce zai kwashe ruwan da cokalin shayi, don cokalin sabo ne.

Alhali a cikin akwatin nan da kansa akwai guga. Wata igiya ce mai faɗi kamar bel, ruwan toka, mai baki biyu. Baki ɗaya faifan Baba ke riƙe da shi, ɗayan yana nan a sake. Samarin yanzu in sun gan ta dariya suke yi, amma da tsufanta tana kwasar mega goma sha biyar a sakan. Ninki ɗari biyar ke nan na abin da Auta ke alfahari da shi. Ina da wani tsohon faifai mai lafiya irin nasa. In jona shi a baki na biyu, ko awa ɗaya ba za a yi ba an gama, faifan Baba ya je ya huta, mu zauna mu duba hotuna a kan kwafi har mu gaji.

Auta ya naɗe kwamfutar da bargo ya ba direba. Shi ke nan abin da nake nema. Da na gaya masa da bakina, amma ya toshe lambata, ni ma na toshe tasa don kada ya fi ni.

Ki shafa mini ƙafar Inna. Kada ki ce mata komai tukuna.
Ƙaninki na kasuwa.

Daga Auta zuwa ga Ɗan Tebur, ta hannun Yaya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Yaya ta karanta mini takardarka ta waya, har da wurin ɗan boko. Na gode. Zan amsa a taƙaice.

Na farko, ban musa lissafinka ba. Na ɗauki abin lissafi na buga, haka yake. Na biyu, kafin ka ba ni shawarar filash, ramukan filash na kwamfutar sun ƙone tun Baba yana raye, kai ma ka sani, domin kai ka ce za ka gyara su.

Na uku shi ne dalilin wannan takarda. Bayan rasuwar Baba ka karɓi kyamararsa da fitilun shago biyu, ka ce za ka kai a goge su. Bayan wata huɗu na ga kyamarar a wuyan wani mutum a wurin taron ofishinmu. Na gane ta da igiyar da Inna ta ɗinka mata. Na gaishe shi, ya gaya mini inda ya saya, har ya yaba maka da sauƙin ciniki.

Saboda haka kwamfutar ba za ta bar ɗakina ba. Abin da ya hau intanet yana tafiya a hankali, na yarda, amma ba shi da teburin da za a baje shi a kai. Yau kwana biyar, hotuna dubu biyar da 'yan kai sun hau, kuma duk wanda ya hau ya tsira. Ina duba su kullum in na dawo aiki. Zuwa yanzu yawanci hotunan fasfo ne na mutanen da ban sani ba.

Ina sa mata fanka.

Na gode.
Ƙaninka.

Daga Ɗan Tebur zuwa ga Auta

Salamu alaikum, ranka ya daɗe, babban ma'aikaci. Na ga na farko, na ga na biyu, na ga na uku. Na juya takardar ina neman hatimi ban samu ba.

Fanka. Allah ya saka da alheri. Mara lafiya yana shure-shuren mutuwa, kai kana yi masa fifita kana sa shi dakon kaya.

Maganar kyamara, na sayar. Ba zan ce maka ɓata ta yi ba, ka girme wa wannan. Na sayar, na ci, ya wuce ta maƙogwaro, kuma da za a dawo da ranar ban san ko zan yi daban ba, don ni ba na iya kallon kaya yana kwance ba ya aikin komai. Halina ne, ban ce mai kyau ba ne. Ka riƙe ni da shi har ranar da za a tashe mu.

Amma ka buɗe kunne, Auta, wannan kasuwa ce, ita kuwa na fi ka saninta. Kwamfutar Baba ba mai saye. Ko masu awon ƙarfe sai sun yi mini yanga. Da tana da kasuwa ai da ba ta kai wurinka ba. Ka ga ke nan rashin amanata ma shaida ce a kaina: abin da ban sata ba, ba ya satuwa.

Dubu ɗaya kake yi a rana. Dubu arba'in, kwana arba'in. Ka tambayi faifan in yana da kwana arba'in, ka tambayi idon Inna. Kana tseren mutuwa biyu a kan jaki. Kuma kowane hoton fasfo da ka ceto, na wani mai gashin baki da ya mutu tun tuni ko ya manta ya taɓa ɗauka, da numfashin faifan ka saye shi.

In tsoronka ni ne, ka biyo ta. Ka zauna a kan bencina ka riƙe akwatin da hannu biyu, ka ɗaure shi a ƙafarka in ka so. Ba sai ka gaishe ni ba. Awa ɗaya. Ban taɓa roƙonka komai ba tun kana bin bayana da wando a hannu. Yau na roƙe ka.

Yayanka, ɓarawon kyamara.

Daga Yaya zuwa ga Ɗan Tebur

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwado.

Kwana goma sha ɗaya ban rubuto ba don ba ni da abin faɗa. Auta ya karanta takardarka ya ce mini salon ciniki ne, haka kake yi wa kowa kafin ka karɓe masa kaya. Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Jiya Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ta kama iska. Ta yi dariya ta ce kofin ne ya matsa. Da la'asar nakan zaunar da ita a bakin taga, nan ne kawai take rarrabe fuska, shi ma sai an matso kamar za a yi mata raɗa. Kullum sai ta tambaya ko yaran sun samo hoton. Ina ce mata kuna kan aiki tare. Allah ya yafe mini wannan taren.

Yau da safe Auta ya kira ni. Kwamfutar ta tsaya sau uku, a na ukun sai da ya kashe ya kunna kafin ta ga faifan. Ya tsorata. Ya ce ba zai samu izinin barin ofis ba, amma ya naɗe ta da bargonsa, gobe direba zai kawo maka. Ya manna wata 'yar takarda a jikin akwatin, ya ce don Allah ka karanta kafin ka taɓa komai.

Ka ci nasara, in nasara ce. Kada ka yi masa gori. Yi abin da ka ce za ka yi.

Yayarku.

Daga Ɗan Tebur zuwa ga Yaya

Salamu alaikum, Yaya. Ina gaisuwa.

Sau uku ina fara wannan takarda. Biyun farko sun fi wannan daɗin karatu, don a cikinsu laifin duk na Auta ne.

Kwamfutar ta iso da hantsi. Na share tebur, na kori masu ciniki, na karɓi aron injin maƙwabcina mai gyaran rediyo don kada wuta ta yi mana halinta. Na buɗe akwatin. Igiyar tana nan yadda na ce, bakinta na biyu a sake, har da ɗan zaren da Baba ya ɗaure ta da shi. Na jona nawa faifan. Na kunna. Faifan Baba ya yi ƙyas sau biyu, ya tashi.

Yaya, da kin ga gudu. Lambobi suna wucewa ido ba ya kama su. Mai rediyo ya leƙo ya ce wannan tsohuwa ai ta fi 'yan mata. Na ajiye agogon waya a gefe ina kallo, ina ta tsara yadda zan ba da labari.

Minti goma sha biyu. Daga nan faifan Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa so in ji ba, doguwa, kamar an ja ƙusa a kan faranti, ya yi shiru. Na kashe na kunna. Na canja igiya. Na juya shi ta gefe, na bar shi ya huce, na yi duk dabarun da nake yi wa na mutane ina cika baki. Mai rediyo ya kara shi a kunne ya daɗe, ya miƙo mini. Hannun ya faɗa kan faifan ya karce shi. Abin da ke wurin ya zama gari.

A minti goma sha biyun nan na kwashe hotuna dubu goma sha huɗu da ɗari uku. Abin da Auta ya yi kwana goma sha uku yana yi, na yi shi har na wuce kafin shayi ya huce. A takardun da na yaga, nan na tsaya.

Ga sauran. 'Yar takardar da ya manna, na karanta ta. Layi biyu ne. Ya ce daga na ɗaya zuwa dubu goma sha uku da ɗari suna wurinsa, sun tsira, in fara daga inda ya tsaya. Ba zagi, ba na farko ba na biyu. Har ya kira ni Yaya a saman takardar.

Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, na fara daga na ɗaya.

Kada ki tambaye ni ko mantawa na yi. Na ce a raina awa ɗaya ce, faifan da ya yi kwana goma sha uku ai ba zai gaza awa ɗaya ba. Na ce in na fara daga inda ya tsaya, nawa kwafin zai zama guntu, sai na je na roƙe shi kalmar sirrinsa kafin ya cika. Ina so in ɗauko dubu arba'in cif a hannuna in dire a gaban Inna, ba da taimakon kowa ba. Kuma ina so in ga da idona minti nawa zai ɗauke ni in taka kwana goma sha ukunsa. Na gani. Goma sha ɗaya.

Da na bi layi biyun nan, da yanzu muna da dubu ashirin da bakwai. Yanzu muna da abu ɗaya sau biyu, da sababbi dubu ɗaya da ɗari biyu. Kwana biyu na rufe tebur ina duba su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda Auta ya riga ya duba. Ɗalibai, direbobi, masu neman aiki da aron kwat. Mutanen gari kaf sun tsira. Inna ba ta ciki. Ko tana cikin dubu goma sha ukun da na tsallake damar ɗauka, ko tana can gaba, wannan ba wanda zai taɓa sani, kuma shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Akwai masu buɗe faifai a ɗaki na musamman a manyan birane. Na kira wani na kwatanta masa ƙarar. Ya ce in ajiye kuɗin motata.

Yanzu ga halina ya motsa, ki yi haƙuri. A cikin ambulan ɗin nan akwai hoto guda da na wanke. Lamba dubu tara da wani abu. Tsohon hoto ne baƙi da fari, na farkon shago, wata mata siririya riƙe da jaririya. Ban san ko wace ce ba. Tsayinsu ɗaya da Inna, ɗaurin ɗankwalin ma irin na lokacin ne. Kin ce sai an matso take gane fuska. Na sha sayar wa masu ido biyu abin da bai kai wannan kama ba. Ke ce a wurin. In kin ga dama ki ba ta, in kin ga dama ki yaga.

Auta kuma ki gaya masa duk abin da kika zaɓa. In kin gaya masa gaskiya ba zan musa ba.

Ƙaninki.

Daga Yaya zuwa gare ku duka biyu

Assalamu alaikum. Kwafi biyu na rubuta, kalma ɗaya, don kada wani ya ce an ɓoye masa. Auta, takardar yayanka tana haɗe da taka, karanta da kanka.

Na ba ta hoton ranar Talata a bakin taga. Ban ce mata shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana juya shi wajen haske. Sannan ta ce, "Wannan matar mai ɗinki ce ta bayan shago. 'Yarta ta rayu, har ta yi jikoki."

Na miƙa hannu zan karɓa, ta hana. Ta ɗora yatsa a kan labulen da ke bayan matar ta ce nata ne, ita Inna ta ɗinka shi da cikin 'Yar Fari, ga ma inda zaren ya ƙare ta ƙarasa da wani. A gabansa ta tsaya ranar da Baba ya ɗauke su. Ta sa hoton ƙarƙashin matashi.

Ta tambaye ni wanne ne a cikinku ya aiko. Na ce ku biyu. Ta ce in daina, ta san aikin kowa.

Tun jiya ba ta neman a kai ta taga. Ta ce duk ɗaya ne.

Kada wanda ya ƙara aiko mini da lissafin kilo ko mega. In za ku zo, ku yi sallama da ƙarfi daga ƙofa, kowa ya faɗi ko shi wane ne.

Yayarku.